Filin Tambaya da Amsa: Gane Kifin Malet da Sanin Rayuwarsa

Wasiƙun da muka zaɓa a wannan fitowa duk a kan kifi ɗaya suka tsaya, wato malet, kifin nan mai launin azurfa da ke yawo garke-garke a gaɓar teku da bakin koguna. Wanda aka fi tambaya a kansa shi ne mai faffaɗan kai, wanda masana ke kira Mugil cephalus tun da Linnaeus ya raɗa masa sunan a 1758. A Masar buri ake ce masa. Mun taƙaita wasu tambayoyin saboda wuri.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a sashen nazarin kifaye. An zube mana kifayen da aka kamo a bakin kogi, kusan dukkansu farare ne masu sheƙi, aka ce mu ware malet daga ciki. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗalibi. Fara da gadon baya. Kwantar da kifin a kan faranti, kansa yana duban hagunka, ka ɗaga fikafikan bayansa da bakin allura. Malet fiffike biyu gare shi a baya, gajeru, da tazara mai faɗi a tsakaninsu, kuma na gaban ƙaya huɗu ne masu tauri. Dangin nan da ake kira Mugilidae sun haura iri 70, amma ƙaya huɗun nan ta game su. In ka ƙirga bakwai ko tara, ajiye kifin gefe, ba shi ba ne.

Daga nan ka duba gefen jiki. Yawancin kifaye suna da layi guda da ya taso daga bayan kai har wutsiya, wanda suke jin motsin ruwa da shi. Malet ba shi da wannan layi; aikin ya rarrabu ne a kan 'yan ƙananan tsagi da ke jikin ƙwayoyin ɓawonsa. Kada zane-zanen duhu da suka bi tsawon jikinsa su ruɗe ka, waɗannan launi ne kawai a tsakiyar kowane ɓawo, ba layin ji ba.

Sauran kamannin sai su ƙara maka tabbaci. Jiki mulmulalle ne daga gaba kamar taɓarya, ya ɗan shafe daga baya. Kai shimfiɗaɗɗe ne daga sama. Baki ƙarami, in ka kalle shi ta gaba kamar harafin V ne da aka kifar, haƙoran kuwa ƙanana ne ƙwarai, sai da gilashin ƙara girma ake ganinsu sosai. Fikafikan ƙirji sun hau sama kusa da kafaɗa, na ciki kuwa sun ɗan ja baya, kowane na cikin da ƙaya ɗaya da sili biyar masu laushi. Wutsiya a rabe take biyu.

Waɗanda suka fi shiga cikin tarin su ɓata wa ɗalibi lissafi su ne kifayen dangin Polynemidae, domin su ma fiffike biyu ne a bayansu, da yanar kitse a ido kamar wasu malet. Amma su suna da zaruruwa da ke reto a ƙarƙashin fiffiken ƙirji, bakinsu yana ƙarƙashin hanci, kuma suna da layin gefe. Elops da Chanos, wasu fararen kifaye masu sheƙi, fiffike ɗaya tal gare su a baya. Ɗan barakuda bakinsa dogo ne cike da haƙora masu tsini. Akwai kuma jan kifin nan na dangin Mullidae da wasu littattafai ke kira jan malet. Suna ne kawai ya haɗa su, ba dangi ba ne, za ka gane shi da gemu biyu a haɓarsa.

Tambaya: Na iya gane malet, amma duk iri-irinsu kama ɗaya suke yi mini. A takardun bincikenmu komai Mugil cephalus ake rubutawa, ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Yaya ake bambance shi da 'yan uwansa? Daga wata mai aikin tattara bayanan kamun kifi.

Amsa: Malama, rashin kwanciyar hankalinki yana kan hanya. Wannan dangi ne da launi ba ya raba su, domin kifi ɗaya zai yi shuɗi-shuɗi a ruwan teku mai haske, ya koma toka-toka ko kore a ruwan laka, in ya mutu kuma cikin 'yan awanni launin ya dushe. Wanda ya dogara da kallo kawai, iri uku ko huɗu zai cusa a suna ɗaya. Ƙirga ake yi, kuma ga yadda ya fi sauƙi a bi.

Ki fara da ido. A jinsin Mugil, babban kifi yana da yanar kitse mai haske da ta rufe idon ta gaba da baya, ta bar siririn tsagi a tsaye a kan baƙin idon. A jinsin Chelon, wani reshe na dangin malet, da makusantansa yanar ba ta wuce bakin da'irar ido ba, ko ma babu ita. Wannan kaɗai ya raba tarin gida biyu. Ki tabbatar da shi ta kusurwar baki: ki rufe bakin kifin, in ƙarshen ƙashin muƙamuƙin sama ya ɓuya, Mugil ne, in ya lanƙwaso ƙasa ana ganinsa a bayan kusurwar baki, to ɗaya gidan ne.

Sai fiffiken da ke bayan dubura, wanda shi ne alƙali a wannan aiki. Ki buɗe shi, ki ɗaga shi wajen haske. Ƙaya tauri gare ta, ba ta da gaɓoɓi, ba ta rassa. Sili mai laushi kuwa gaɓa-gaɓa ne, kuma yana rabuwa daga sama. Mugil cephalus ƙaya 3 ne da sili 8. Mugil curema, wanda suke tsananin kama, ƙaya 3 ne da sili 9. Kurakurai biyu ake yawan yi a nan. Ƙayar farko gajeriya ce, tana lafewa a jikin ta biyu, sai mai gaggawa ya ƙirga biyu. Sili na ƙarshe kuma yakan tsage har gindi, sai a ƙirga shi biyu alhali ɗaya ne. Ki bi shi da allura zuwa ƙasa, in gindinsu ɗaya, lissafinsu ɗaya. Da wannan kuskure kaɗai sai cephalus ya koma curema a takarda.

Ki kuma shafa wannan fiffike da na baya na biyu. A curema ƙananan ɓawo sun lulluɓe su kusan gaba ɗaya, har suna kauri a hannu. A cephalus ɓawon ya tsaya a gindi da ɗan gaba, sauran fatar a fili take.

Ƙirgan ɓawo shi ya fi cin lokaci, amma ba a tsallake shi. Na tsawo ana farawa daga bayan marfin kunne, wato murfin da ke gefen kai wanda ya rufe mashaƙar da kifi ke numfashi da ita, a bi jeri ɗaya har inda wutsiya ke lanƙwasawa. Ki ɗan lanƙwasa wutsiyar gefe, inda fata ta yi ƙunci nan ne iyaka, ƙananan ɓawon da suka hau kan wutsiya ba sa cikin lissafi. Cephalus yakan ba da 36 zuwa 42. Na tsaye kuma ana ƙirga jeri-jeri daga farkon fiffiken baya zuwa farkon fiffiken ciki. In ɓawo ya zube wajen kamu, ki ƙirga ramukan da ya bari a fata, suna nan daram. In ganinsu ya yi wuya, ki tsane ruwan jikin kifin, ki shafa ɗan tawada ki goge, iyakokin sai su fito.

A gaɓar Afirka ta Yamma wannan ƙirgan na tsaye yana da muhimmanci na musamman, saboda akwai Mugil bananensis, wanda shi ma yana da yana a ido, shi ma ƙaya 3 da sili 8. Abin da ya raba su shi ne bananensis jeri 11 ko 12 gare shi, cephalus 14 ko 15. A wannan gaɓa dai akwai falcipinnis, mai fikafikai lanƙwasassu kamar lauje, wanda silin fiffiken duburarsa yakan kai 11, da grandisquamis mai manyan ɓawo, wanda jerin tsawonsa bai wuce 30 ba, da dumerili, wanda ɓawon gadon bayansa ke da tsagi da yawa a kowace ƙwaya maimakon ɗaya. A Bahar Rum kuma za a haɗu da labrosus mai kaurin leɓen sama da 'yan ƙuraje a kansa, da auratus mai ɗigon zinariya a marfin kunne, da ramada mai siririn leɓe.

In har yanzu da shakka, ki buɗe cikin. A mahaɗar tumbi da hanji akwai 'yan jakunkuna kamar yatsu. Jinsin Mugil biyu gare su, su Chelon sun fi haka yawa.

Hattara da ƙanana, domin a nan ne ƙwararru ma ke tuntuɓe. Ɗan cephalus da bai wuce santimita 3 zuwa 4 ba, ƙaya 2 da sili 9 gare shi. Yana girma ne silin farko ya taurare ya zama ƙaya ta uku. Yanar idonsa ma ba ta fito ba tukuna. Wanda ya ƙirga sili kawai zai ga 9 ya rubuta curema. Maganin abin shi ne a haɗa ƙaya da sili a ƙirga su tare: jimla 11 cephalus ne ko bananensis, 12 curema.

Game da sunaye, in kin ga tsohon littafi ya ce Liza falcipinnis, sabo kuma ya ce Neochelon falcipinnis, kifi ɗaya ne. Binciken ƙwayoyin gado da aka buga a 2012 ya sa an sake tsara dangin, grandisquamis ya koma Parachelon, da yawan su Liza suka koma Chelon ko Planiliza. Binciken ya kuma nuna abin da ake kira Mugil cephalus a faɗin duniya zuriyoyi ne fiye da goma da ido bai iya raba su. Don haka ki riƙa rubuta wurin da aka kama kowane kifi tare da sunansa.

Tambaya: Na ga wani farin abu ya rufe idon manyan malet ɗin da aka kamo. Cuta ce ko makanta?

Amsa: Ko ɗaya. Ita ce yanar kitsen da muka ambata a sama, halittarsa ce. Yana raye garau take kamar gilashi, yana gani ta cikinta. Bayan ya mutu, musamman in ya kwana a ƙanƙara ko an sa shi a maganin adanawa, sai ta yi fari ta dushe, shi ya sa ake zaton ciwo ne. Ciwon ido daban yake: idon kan kumbura ya fito waje, ko jini ya taru a cikinsa, sau da yawa a gefe ɗaya, kuma kifin yakan nuna wasu alamu kamar jan tabo a fata. Yanar halitta kuwa a ido biyun take, daidai wa daida, da tsaginta a tsakiya.

Tambaya: Da na feɗe shi na tarar da wani abu mai tauri kamar ƙundun kaza, cike da yashi da baƙar laka. Me yake ci haka? Kuma me ya sa yake wahalar kamuwa da ƙugiya?

Amsa: Malam, ƙundu ne kuwa, aikinsu ɗaya da na kaza. Babban malet abincinsa yana ƙasan ruwa: gansakuka ƙanana da ido ba ya gani, musamman masu ɓawon gilashi da ake kira dayatom, da ruɓaɓɓun ganyaye, da ƙwayoyin halittar da ke manne da su. Yakan sunkuyar da kai, ya zuƙi saman lakar ko ya kankare duwatsu da saiwoyi da leɓensa. Abin da ya zuƙa yana bi ta wasu siraran ƙasusuwa da ke jere a jikin mashaƙarsa kamar haƙoran matsefi, da wata gaɓa a maƙogwaro mai aikin rariya. Manyan ɓarɓashi ya furzar ta baki da ta kunne, masu laushi ya haɗiye. In ka tsaya a ruwa marar zurfi za ka ga ƙurar lakar tana tashi a bayan garken.

Yashin da ka gani da gangan yake haɗiyarsa, shi ne dutsen niƙansa. Tumbin malet ba ya dogara da ruwan tsami mai ƙarfi irin na kifaye masu cin nama. Naman ƙundun ne ke murza abincin da yashi har ɓawon gansakukar ya fashe. Daga nan sai hanji, wanda in ka warware shi zai ninka tsawon kifin sau da yawa, saboda abinci ne mai ƙarancin amfani, sai ya daɗe a hanya kafin jiki ya tsotse abin da ke ciki. Ƙananansa ba haka suke farawa ba. Har su kai kimanin santimita 3, 'yan mitsi-mitsin dabbobin ruwa suke farauta. Daga nan hanjin ya fara tsawo, su koma cin ƙasa.

Ka ga dalilin da ƙugiya ba ta cika yi masa ba. Ba mai cafka ba ne, mai tsotsa ne, bakinsa ƙarami da taushi. In an dage sai da ƙugiya, to ƙarama ƙwarai da siririn zare, kuma a ja a hankali domin leɓen yana yagewa. Birgi da kalli da taru su ne kayan kamunsa.

Wannan irin ci yana da sakamako biyu da ya kamata a sani. Cikin yana saurin lalacewa, don haka a cire kayan ciki da wuri, a kankare baƙar fatar da ta shimfiɗe ramin cikin. Kuma kifin da ya yi kiwo a lakar da masana'antu ko magudanan gari ke zuba a cikinta yana ɗaukar abin da ke wurin, shi ya sa masu auna gurɓatar bakin koguna suke yawan gwada shi.

Tambaya: An kama malet a cikin kogi, nesa da teku, inda ruwan ba gishiri ko kaɗan. Ashe ba kifin teku ba ne? A nan yake haihuwa?

Amsa: Kifin teku ne da ke kiwo a ruwan zartsi da ruwan daɗi, amma haihuwa sai a teku. Ana samunsa a gaɓoɓin duniya masu ɗumi, galibi tsakanin digiri 42 arewa da 42 kudu. A gabashin Atilantika ya taso daga gaɓar Faransa har Afirka ta Kudu, haɗe da Bahar Rum da Bahar Aswad.

Juriyarsa ga gishiri abin a tsaya a duba ne. Lita ɗaya ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kusan giram 35, jinin kifin kuwa kimanin kashi ɗaya cikin uku na wannan. A teku ruwa ne ke tsere masa daga jiki, sai ya riƙa shan ruwan tekun, wasu ƙwayoyi na musamman a mashaƙarsa su fitar da gishirin, fitsarinsa ya zama kaɗan. A ruwan daɗi lamarin ya juye: ruwa ke kutsowa, gishiri ke zurarewa, sai ya rage sha, ya yawaita fitsari tsararo, mashaƙar ta koma jawo gishiri ciki. Da wannan yake rayuwa tun daga kogi har tafkunan gaɓa da gishirinsu ya ninka na teku biyu. Sai dai juyin yana bukatar lokaci, a riƙe wannan, zai dawo a tambaya ta gaba.

Yakan balaga a shekara 2 zuwa 3, yana da tsawon santimita 30 da 'yan kai, maza suna riga mata. In lokaci ya yi sai su taru manyan garkuna, su bar bakin koguna su nufi teku, cikinsu kusan wayam saboda sun rage ci. A Tekun Meziko an same su suna zuba ƙwai kilomita 65 zuwa 80 daga gaɓa, a kan ruwan da zurfinsa ya haura mita 1,000. Lokacin ya danganta da wuri: a can daga Oktoba zuwa Janairu ne, a Taiwan Disamba da Janairu, a Bahar Rum ƙarshen zafi zuwa Oktoba. Mace ɗaya tana zuba ƙwai daga rabin miliyan zuwa miliyan 2 gwargwadon girmanta. Kowane ƙwai bai kai milimita ɗaya ba, da ɗigon mai guda a cikinsa wanda ke taimaka masa ya yi iyo a sama. Cikin awa 36 zuwa 48 ya ƙyanƙyashe, ɗan ya fito da tsawon kusan milimita 2 da rabi. In sun kai milimita 16 zuwa 20 sai su doshi gaɓa, su shiga ruwa marar zurfi a bakin koguna, inda abinci ke da yawa, manyan maharba kuma ba sa iya kutsawa.

Ƙwan ba ya tsayawa a sama sai ruwan yana da gishiri kusa da na teku. A ruwan daɗi nutsewa zai yi ya mutu. Saboda haka wanda aka kama a kogi baƙo ne mai kiwo. In madatsar ruwa ko yashi ya toshe masa hanyar komawa, zai rayu ya yi ƙiba, amma ƙwan da ke cikin macen jiki ne zai sake tsotse shi. Toshe bakin kogi da sare itatuwan ruwan zartsi suna rage malet a yanki ko da ba a ƙara yawan kamu ba.

Tambaya: Ni mai kiwon kifi ne. Na zuba 'ya'yan malet da aka kamo daga gaɓa a tafkin ruwan daɗi. Kwana biyun farko lafiya lau, daga nan suka fara mutuwa kaɗan-kaɗan har kusan suka ƙare cikin mako biyu. Mene ne ya faru? Kuma zan iya ajiye iyaye su haifa mini a tafki?

Amsa: Allah ya mayar da alheri, Malam. Abin da ka kwatanta ya yi daidai da mutuwar da rashin sabo ke jawowa. Ƙaramin malet da aka ɗauko daga ruwan gishiri aka juye kai tsaye a ruwan daɗi ba ya mutuwa nan take. Jikinsa yana ta fama, gishirin jininsa yana raguwa, ya daina ci, cututtukan fata su samu ƙofa, mutuwar ta bazu cikin mako biyu. Shi ya sa mai tafki yakan ɗora laifin a kan abinci ko wata annoba.

In za ka sake, auna gishiri da zafin ruwan da suka zo a ciki, da na tafkinka. Sa su a tanki ko keɓaɓɓen raga da ruwansu na asali, da iska tana busawa, ka riƙa ƙara ruwan tafki kaɗan-kaɗan. Awanni da yawa shi ne mafi ƙaranci. In tazarar gishirin babba ce, ka shimfiɗa aikin a kan kwanaki, ya fi aminci. A yi jigila da sanyin safiya, kada a cunkusa su, kuma a kwashe su da ruwa a cikin kwano maimakon a ɗaga su a busasshen raga, domin ɓawonsu yana zubewa da ɗan gurzawa, duk inda ya zube kuma ƙofa ce ta fitar gishiri da shigar cuta. Ka kuma ware su tun a nan, saboda abin da ake kamowa a gaɓa gauraye ne, kuma ba kowane iri ke girma da saurin cephalus ba.

A Masar, wadda ta fi kowace ƙasa noman malet, ana renon 'ya'yan a tafkin ƙasa da aka yi wa taki, har guda 125 a kowace murabba'in mita, wata 4 zuwa 6, sai sun kai kimanin giram 10. Takin ne ke haifar da gansakukar da suke ci, ana kuma ƙara musu dusar shinkafa ko ta alkama. Ma'aunin da ake bi shi ne farin faifai da aka nutsa ya ɓace wa ido a zurfin santimita 20 zuwa 30. In ya ɓace tun kafin nan takin ya yi yawa, iskar oksijin za ta faɗi da asuba. Daga nan a mayar da su babban tafki, sau da yawa tare da karfasa, inda cikin wata 7 zuwa 8 sukan kai giram 750 zuwa kilo ɗaya. Zafin da ya fi yi musu shi ne digiri 20 zuwa 26.

Batun haihuwa a tafki kuwa, ba za su yi da kansu ba. A tsare, ƙwan macen yana girma har wani mataki ya tsaya, saboda ƙwaƙwalwarta ba ta sakin sinadarin da ke kammala nunarsa. An fara shawo kan wannan a Taiwan a shekarun 1960, aka inganta shi a Hawai a shekarun 1970. Ana zura siririn bututu a zuƙo 'yan ƙwai a auna. Sai faɗinsu ya kai milimita 0.6 ake yi wa macen allurar homon, sau biyu da tazarar kwana ɗaya, a haɗa ta da maza biyu ko uku a ruwa mai gishirin teku, ta zuba ƙwan kimanin awa 12 bayan allura ta biyu. In aka yi allurar ƙwan bai kai ba, asarar magani da uwar aka yi. Wahalar ta fi yawa bayan ƙyanƙyasa, domin a kwana na 2 zuwa 3 bakin ɗan ke buɗewa, kuma dole ya tarar da rayayyen abinci daidai bakinsa, wato rotifa da aka noma tun kafin ranar. Wanda ba shi da ruwan teku da ɗakin noman wannan abinci, gara ya sayi 'ya'ya daga inda aka ƙware.

Tambaya: Me ke sa su tsalle sama da ruwa ko ba abin da ya kore su?

Amsa: Tsallen iri biyu ne. Na gudu yana da sauri, garke guda ke tashi tare in maharbi ya afka musu, kuma da shi suke haye igiyar saman taru su tsere. Ɗayan na kifi ɗaya ne, a natse, ya tashi ya faɗo a kan gefensa, wani lokaci sau biyu ko uku a jere. A 1985 wani masani ɗan Amurka, Dickson Hoese, ya lura wannan nau'in yana ƙaruwa in oksijin ya ragu a ruwa, ya kawo bayanin cewa kifin yana tara iska ne a wani gurbi da ke saman maƙogwaronsa ya yi amfani da ita a ƙasa. Ga mai tafki, yawan tsalle da hamma a saman ruwa da asuba dalili ne na a auna iska nan da nan.

Tambaya: Yaya zan san shekarunsa da ko mace ne ko namiji? Kuma in ina son ajiye samfuri don a tabbatar mini da irinsa, yaya zan yi?

Amsa: Daga waje ba a raba mace da namiji, sai dai gab da haihuwa, lokacin da cikin mace ke cika, namiji kuma in an matsa cikinsa a hankali farin ruwa ya fito. In ba haka ba sai an buɗe. Jakunkunan ƙwai biyu ne, zagayayyu, suna tashi daga ja-ja zuwa ruwan ɗorawa yayin da suke nuna. Na namiji farare ne, shafaffu. Don sanin kusantar haihuwa, auna nauyin jakunkunan, raba da nauyin kifin, ninka da 100. A macen da ta nuna sosai adadin yakan kai 20. In ana yin wannan kowane wata, watan da adadin ya hau ƙololuwa sannan ya faɗi shi ne lokacin haihuwa a wannan yanki.

Shekaru kuma a ɓawo ake karantawa. Ciri guda 5 zuwa 10 daga gefen jiki, wajen da ƙarshen fiffiken ƙirji ke kwanciya, wanke su, matse su tsakanin gilasai biyu, duba su ta haske. Inda zoben girma suka matsu wuri ɗaya, nan girma ya tsaya, yawanci sau ɗaya a shekara. Duk ɓawon da tsakiyarsa ta zama fili ba zobe, sabon toho ne bayan na farko ya zube, yar da shi, zai rage wa kifin shekaru. A ƙasashe masu zafi inda sanyi ba ya tsayar da girma, zoben ba sa fita sosai, haihuwa ko sauyin gishiri ma kan bar zoben ƙarya. A nan, da kuma a tsofaffin kifaye, dutsen kunne da ke cikin ƙoƙon kai ya fi gaskiya. Galibin waɗanda ake kamawa santimita 30 zuwa 50 ne, ko da yake yakan kusanci mita ɗaya ya kuma haura shekara 10.

Samfuri kuwa, ɗauki hotonsa tun yana sabo, da rula a gefe, fikafikai a buɗe an kafe su da allura, sannan hoton kai ta gefe da ta ƙasa, baki a rufe. Auna tsawonsa daga hanci zuwa lanƙwasar wutsiya. In ana son gwajin ƙwayoyin gado, yanki ɗan guntun fiffiken ƙirji na dama ka sa a barasar gwaji mai ƙarfin kashi 95 tun kafin komai, domin fomalin, maganin da ake adana samfuri a ciki, yana lalata abin da za a gwada. Sannan ka tsaga cikin ta gefen dama, ka nutsa kifin a fomalin mai kashi 10 na mako ɗaya zuwa biyu, da safar hannu kuma a wuri mai iska, ka wanke shi da ruwa, ka mayar da shi barasa mai kashi 70. Gefen hagu a bar shi lafiya, shi ake ƙirga ɓawo a kansa. Takardar bayani, mai ɗauke da wuri da rana da gishirin ruwan, da fensir ake rubuta ta a sa a cikin kwalbar tare da kifin, saboda tawadar biro tana narkewa a barasa.